Sunayen da Ruwa Ya Wanke

A Cadereyta ruwa bai cika zuwa ba,
amma daren da muka kai Nicanor makwancinsa
ya zo da fushi, ya bi ta yagar rufin leda,
ya sauka kan faranti goma sha bakwai.
Da safe na tarar da 'yan allunan suna
fari fat, tawadar ta bi ƙasa.
Ƙanena ya tafi, rubutunsa ya bi sawu.

Ni ɗinki na sani, ba ƙaya ba.
Shekara talatin ina taka keke a Querétaro.
Yau ga ni durƙushe da madubin ƙara girma
ina leƙen 'ya'yan murtsunguwa
dubu biyu, ko fiye,
kowanne bai kai ƙwayar masara ba,
kore shar, a kumbure, da 'yan kunnuwa biyu.
Jariran ɗakin haihuwa, duk fuska ɗaya.

Doña Eufrosina ta shigo da kujerarta a hannu.
Ba ta yi mini ta'aziyya sau biyu ba.
Ta ce, "Matso da wancan.
Kin ga wanda aka barbaɗa wa gari,
ɗigo-ɗigo fari, babu tsinin kirki?
Astrophytum ke nan. Ƙirga haƙarƙarinsa.
Biyar? Myriostigma, hular bishop.
In takwas ne, ya kwanta kamar kabewa,
asterias ne, kada ki cika masa ruwa.

"Wannan mai ƙuraje, Mammillaria.
Dangi na ba ki, kar ki tambaye ni iri,
sun fi ɗari a gidansu.
Jira ƙayar tsakiya ta fito,
ta lanƙwashe kamar ƙugiya, ko ta ƙi.
Sa yatsa. Ta kama ki?
To rubuta, amma da fensir."

Fensir, in ji ta, kullum fensir.
Ruwa ba ya cin sa,
kuma yana barin mutum ya janye maganarsa.

A faranti na shida na ga ƙuraje,
na yi saurin rubuta abin da na koya.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Dubi launin ƙayar, rawaya kamar zuma.
Echinocactus ne, grusonii.
Ƙurajen yarinta ne, za su haɗe
su zama haƙarƙari in ya shekara.
Zai kai tukunyar biki girma
bayan an manta inda aka binne mu."
Na juya fensir, na goge.

Akwai waɗanda suka shekara guda
ba su wuce ƙwayar shinkafa ba.
Na ce sun mutu.
Ta tona gefen ɗaya da tsinken sakace,
sai ga saiwa, ta ninka kansa uku.
"Ariocarpus. Dukiyarsa a ƙasa take.
Haka ƙanenki yake, ko kin manta?"

Ban manta ba. Ban dai taɓa tonawa ba.

La'asar ta yi muna kan na ƙarshe.
Guda tara ne kacal,
ƙayarsu laushi kamar gashin ɗan tsako,
jikinsu ya ɗan ja zuwa shuɗi.
Ta ɗaga farantin, ta karkata shi ga haske,
ta cire tabarau, ta mayar.
"Zai yiwu Turbinicarpus.
Zai yiwu wani aure ne Nicanor ya ɗaura
da burushinsa, bai gaya wa kowa ba.
Ban sani ba, Herminia.
Sai ya yi fure."

Na ce, yaushe?

"Shekara biyar. Bakwai in ya ga dama."

Shekarata sittin da uku.
Na zana alamar tambaya a kan allon,
na sa kwanan wata a ƙasanta,
na soke shi a gefen farantin.
Da dare na hau tsani na ɗinke yagar rufin,
na kira Querétaro,
na ce a ɗoro mini kekena a motar Asabar.